Tarihin Alphonse Tillery, Wanda Ya Kai Littafinsa da Kansa

An haifi marigayi Alphonse Tillery ranar goma sha ɗaya ga watan Maris na shekarar 1949, a garin Yazoo City da ke jihar Mississippi. Mahaifinsa Cleophus ma'aikaci ne a injin gurzar auduga, mahaifiyarsa Ozella kuma tana wanki da guga a gidajen mutane. Shi ne na huɗu cikin 'ya'ya bakwai. Ni Verdell, matarsa ta shekara arba'in da bakwai, nake rubuta wannan tarihi daga abin da na riƙe a kaina, domin jaridar da ta sanar da rasuwarsa layi uku ta ba shi, biyu daga ciki kuma a kan dakatarwar da aka taɓa yi masa. Karatuna bai wuce aji takwas ba, amma ina wurin aka yi komai, kuma ban manta ba.

Ƙuruciya da karatu

Ya shiga firamare a shekarar 1955, a makarantar da ke bayan cocin Baftis na unguwarsu, ya kammala sakandare a 1967. Tun yana ɗan shekara goma sha huɗu ya fi malamansa faɗin kafaɗa, don haka aka sa masa hular kwano aka jefa shi layin gaba a ƙwallonmu ta Amurka, inda aikinsa shi ne ya tare ƙattai kada su kai ga mai jefa ƙwallo. Ƙwallon ce ta kai shi wata kwalejin baƙaƙen fata a Alabama, inda ya karanci tarihi. A shekararsa ta ƙarshe gwiwarsa ta hagu ta goce a fili, kuma daga ranar bai sake buga wasa ba. Ya karɓi digirinsa a 1971 yana dogara sanda.

Fara aiki

A watan Yunin 1972 ƙungiyar Forgemen ta birnin Halden ta ɗauke shi aiki a matsayin mai zagaya kwalejoji yana nemo 'yan wasa. Da lokacin atisayen bazara ya zo kuwa, sai aka ɗora masa aikin da kowa yake gudu. Ana tara samari sama da ɗari a sansani, a ƙarshe ba a riƙe ko rabinsu, kuma duk wanda za a sallama, wani ne zai ƙwanƙwasa masa ƙofa da sassafe ya ce koci yana kiransa, ya zo da littafinsa. Littafin nan shi ne kundin dabarun wasan ƙungiya, kuma duk wanda aka ce ya zo da nasa ya san kwanansa a wurin ya ƙare. Shekara shida Alphonse yana wannan aiki. Waɗanda suka riga shi sukan faɗa daga bakin ƙofa su wuce, shi kuwa yakan raka mutum har gaban koci, ya jira shi a waje, ya riƙe masa jaka zuwa mota.

Aure da iyali

A sansanin nan muka haɗu a 1973, ina aiki a ɗakin cin abinci. Na lura duk teburin da ya nufa sai cokula su tsaya, sai na tare shi da ludayi a hannu.

"Kai ne mai ƙwanƙwasa ƙofar nan? To matsa can lungu, kana hana mutane haɗiye abinci."

Ya ce, "Baiwar Allah, ni ma tun jiya ban haɗiyi komai ba. Ko ni ma za ki ce in zo da farantina?"

Na zuba masa tarwaɗa soyayya da burodin masara, ya cinye a lungun. An ɗaura mana aure ranar takwas ga watan Yunin 1974 a cocin iyayena. Allah ya ba mu 'ya'ya huɗu tsakanin 1976 da 1985, ɗaya daga cikinsu, Ozella ƙarama, ta koma tana da wata biyar.

Shugabanci

An ɗaukaka shi zuwa shugaban masu neman 'yan wasa a 1981, mataimakin manaja a 1988, sannan babban manajan ƙungiya a watan Fabrairun 1993. Ya yi suna da tsare doka ba tare da duba fuska ba. A 1995 ya dakatar da wani shahararren ɗan wasa wasanni huɗu saboda ya ɓoye ciwon gwiwa ya ce lafiyarsa ƙalau, magoya baya suka yi ta zaginsa a rediyo, bai janye ba. Na ambaci wannan ne don yana da alaƙa da abin da ya biyo baya.

Takardar Juma'a

Dokar gasa ce kowace Juma'a ƙungiya ta miƙa takardar da ke ɗauke da sunayen 'yan wasan da suka ji ciwo, da inda ciwon yake, kuma abokan karawa suna ganinta. Ranar Lahadi bakwai ga watan Disambar 1997 mai jefa mana ƙwallo, Royce Landreau, ɗan Louisiana mai shekara ashirin da shida, ya sha karo a kai har ya manta a wane gari yake. Mai kula da lafiyar 'yan wasa, Dewey Kowalczyk, wanda ya shekara ashirin da biyu a ƙungiyar, ya rubuta da hannunsa cewa ciwon a kai yake, kada ya buga. Wasan Lahadi mai zuwa shi ne zai nuna ko za mu shiga zagayen ƙarshe, Royce kuma yana ta rantsuwa ya warke.

Ranar Juma'a sha biyu ga wata Alphonse ya sa aka sake buga takardar, aka cire kai aka sa idon sawu, aka bar sunan Dewey a ƙasa kamar kullum. Tunaninsa shi ne idan abokan karawa suka ga idon sawu, ƙafar za su riƙa nema su bar kan. Haka mutanen ƙwallo suke lissafi, kuma ba shi ya fara ba, amma shi ya yi. Ranar Lahadi, kafin a tafi hutun rabin lokaci, aka sake make Royce a kai. A gadon ɗaukar majinyata aka fitar da shi, kuma bai sake riƙe ƙwallo ba har yau.

Hukumar gasa ta buɗe bincike a watan Janairun 1998. Mai ƙungiyar, Mista Aldridge, ya kira Alphonse ya ce masa, "Al, sunan wa ke jikin takardar? To ka yi shiru, ka bar takarda ta yi bayani. Masu naɗe wa 'yan wasa ƙafa irin Dewey suna da yawa a gari, irinka ne ba ni da shi."

Ranar Asabar da hantsi Dewey ya zo gidanmu, ya zauna a kicin yana murza hularsa. An riga an ce masa ya kwashe kayansa ranar Litinin, kuma hukumar za ta iya karɓe masa lasisin aiki gaba ɗaya. Bai ɗaga murya ba.

"Al, tun kana yawo da waccan akwalar motar taka nake shafa maka magani a gwiwa. Ka san abin da na rubuta. Ba roƙonka na zo yi ba, so nake in ga idonka kawai."

Alphonse ya kasa ɗaga kai. Da Dewey ya fita na ce, "Mista Tillery, shekara shida kana raka mutane mota. Wannan wa zai raka shi?" Ranar Lahadi kuma ya zauna a coci bai buɗe baki ya yi waƙa ba.

Hukunci

Ranar Litinin sha biyu ga watan Janairu na sauko da safe na tarar da shi cikin baƙar kwat ɗinsa ta jana'iza, da littafin dabarun ƙungiya a kan tebur kusa da kofi, takardar da Dewey ya rubuta da hannu tana saman littafin. Ashe bai yar da ita ba.

Na ce, "Wa ya mutu?"

Ya ce, "Ba wanda ya mutu, Verdell. Yau ni zan kai nawa."

"Wa ya ƙwanƙwasa maka?"

"Babu mai ƙwanƙwasa wa manaja ƙofa. Matsalar ke nan."

Na ɗauko mayafina da jakata na raka shi. Ya ajiye littafin a teburin Mista Aldridge, daga nan muka hau jirgi zuwa ofishin hukumar gasa, na jira shi a waje kamar yadda yake jiran wasu. Ya ba su takardar, ya shaida musu cewa shi ya canza ta, Dewey bai sani ba. Ya ce musu ya taɓa dakatar da ɗan wasa wasanni huɗu kan ƙaryar gwiwar kansa, don haka su duba nawa ya kamaci wanda ya yi ƙarya da kan wani. A ƙarshen watan aka dakatar da shi shekara guda daga duk wata harkar gasar, Mista Aldridge kuma ya sallame shi a ranar, ba don takardar Juma'a ba, sai don ya yi magana. An wanke Dewey, ya ci gaba da aikinsa har ya yi ritaya a 2013.

Shekarun ƙarshe

Bayan wa'adin ya cika babu ƙungiyar da ta sake kiransa. Daga 1999 zuwa 2014 ya koyar da tarihi a wata sakandare a Halden, kuma an naɗa shi dikin, wato mai taimaka wa fasto, a cocinmu a 2003. Duk lokacin da aka gayyace shi taron sababbin manajoji yakan je ya ba da labarin da bakinsa, ba ya rage komai, wasu su saurara, wasu su duba agogo. Kowace Disamba yakan rubuta wa Royce wasiƙa. Ba a taɓa ba shi amsa ba, kuma ban taɓa jin ya ce ya cancanci amsa ba.

Rasuwa da jana'iza

Ya rasu ranar Talata sha tara ga watan Oktoban 2021 a gida, bayan jinyar ciwon zuciya ta wata biyar, yana da shekara saba'in da biyu. An binne shi ranar Asabar ashirin da uku ga wata a maƙabartar cocinmu. Dewey, da shekarunsa saba'in da shida da ciwon bayansa, ya kama gaban akwatin, da ɗana ya ce ya kawo ya karɓe shi sai ya ce, "Matsa can, Marcellus, raka shi nake yi."

Bayan mutane sun ragu, wata mata ta matso tana riƙe da hannun wani dogo mai baƙin gilashi, wanda har yanzu haske yake sara masa kai. Sai da ya yi magana na gane Royce ne.

Ya ce, "Mama Tillery, wasiƙa ashirin da uku, duk matata ta karanta mini. Ba zan yi miki ƙarya in ce na yafe ba. Amma mutum goma sun san halin da kaina yake ciki a makon nan, shi kaɗai ya ce ni ne."

Na ce masa hakan ma ya isa, shi ma bai nemi fiye da haka ba.

Ya rasu ya bar ni da 'ya'ya uku: Lavonne, ma'aikaciyar jinya a Memphis, Marcellus, direban babbar mota a nan Halden, da Odessa, malamar makaranta a Dayton, sai jikoki bakwai. Su nake so su riƙe wannan takarda. Jarida ta ce an dakatar da kakansu, kuma gaskiya ta faɗa. Abin da ta bari shi ne sunan wanda ya kai ƙararsa, kuma sunan shi ne Alphonse Tillery.