Ƙahon Kawu

Jiya na ji warin man goge tagulla a wani shago a Kurmin Mashi, sai zuciyata ta koma ɗakin Kawu.

Shi ke busa ƙaton ƙahon nan na badujalar soja, mai murya can ƙasa. Yakan ɗora tafin hannuna a jikin ƙahon ya busa, in ji karkarwarsa har ƙirjina. "'Yar Kawu," yakan ce, "ni ne tushen kiɗan. Ba a sanin ina nan sai na yi shiru."

Wata rana bayan fareti na bi bayansa ina kira, "Kawu! Kawu!" Bai waiwayo ba. Ƙawayena suka yi ta dariya. Na yi fushi, na daina zuwa gaishe shi. Ya aiko mini da alewa, na mayar. Kafin damina ta ƙare ya rasu.

Sai bayan shekaru matarsa ta gaya mini cewa tun a yaƙin basasa ya kurmance. Ya ɓoye don kada a karɓe ƙahon. Da tafin ƙafa yake bin ganga, magana kuwa sai ya kalli bakin mutum.

Allah ya haskaka kabarinka, Kawu, ya isar maka da gaisuwar da na hana ka.