Kwakwa Mai Tsaga Biyu

Shekara talatin da ɗaya na yi ina tuƙa jirgin da ke kai mutanen tsibirinmu Male, babban birnin ƙasarmu, tafiyar yini biyu in teku ta ga dama. Na ɗauki masu naƙuda, na ɗauki amare, na ɗauki buhunan busasshen kifi har warinsu ya zama turarena. A cikinmu, mu ɗari uku da 'yan kai, mutum ɗaya ne bai taɓa taka jirgina ba sai da furfura ta cinye masa kai. Shi ne Donmaniku.

Ba tsoro ba ne, kada in ɗauki alhakinsa. Wanda ke hawa bishiyar kwakwa arba'in kafin azahar, ba igiya ba komai, ba a ce masa matsoraci. Cikinsa ne ba ya ga maciji da ruwa. Yana yaro ubansa ya fita da shi kamun kifi, ko mashigar duwatsun da suka kewaye tsibirin ba su wuce ba ya kama amai har ya suma. Aka ƙara gwadawa sau biyu, aka sallama. A garin da kowane namiji masunci ne, ai ka san ya sha tsiya, kuma ni ma na yi masa rabona.

"Yaya, gobe za mu tashi. In ajiye maka wuri kusa da bokiti?"

Sai ya leƙo daga saman bishiya ya ce, "Kudahutu, ranar da ka hau nan ka same ni, ni ma zan hau akwalar taka."

Ya san ko kan katanga na hau jiri nake yi.

A wurinmu ƙasa ba ta kowa ba ce, bishiya ce dukiya. Kowa da tsagar da yake yi da wuƙa a jikin kwakwarsa, kuma aure ba ya haɗa tsaga, miji da tasa, mata da tata. Ta Donmaniku layi uku ce a kwance. Ta matarsa Sanfa, wadda ta gada wurin uwarta, kamar sawun kaza take. To, bayan masallaci, dab da rijiya, akwai wata doguwar kwakwa mai ɗauke da duka biyun.

A kan bishiyar nan suka san juna. Sanfa tana budurwa ta je ɗibar ruwa ta ga sabuwar tsaga a ƙasan ta uwarta. Ko tulun ba ta sauke ba ta wuce gidansu Donmaniku ta wanke shi tas a gaban jama'a. Ya tsaya kai da fata wai kakansa ne ya dasa ta. Washegari ta dawo ta ƙara masa, jibi ma haka. Kafin damina ta fita an ɗaura musu aure, amma maganar bishiya tana nan daram.

Shekara arba'in, duk ranar da ya sauko da 'ya'yanta sai a baje a tsakar gida a raba biyu. Idan guda ta yi saura kuwa, unguwa ta shiga uku.

"Ɓarawon kwakwa! Ajiye min ita!"

"Wa ya hau? Ke kika hau?"

"Hawa ne gado? Ai ɓera ma yana hawa!"

Katibu, mai garinmu, ya sha aika musu su zo a raba gardama. Babu wanda ya taɓa zuwa a cikinsu.

Shekarar da ciwon ciki ya kama Sanfa, ma'aikacin ɗakin shan maganinmu ya ce ya fi ƙarfinsa, sai Male. Ɗansu tilo yana aiki a jirgin dakon kaya, can wata uwa duniya. Kowa ya san abin da ba a faɗi ba: wanda ya rasu a can, a can ake binne shi, ba a dawo da gawa ta yini biyu a ruwa. Sanfa ta gaya wa matata ita ba mutuwar ke damunta ba, abin da take gudu ta cika a hannun baƙi, ba wanda zai laƙƙana mata kalmar shahada da muryar gida. Amma ko da wasa ba ta ce masa ya raka ta ba.

Da safen da za mu tashi, shi ya ɗauko ta a hannu ya kwantar da ita a jirgi, ya jera mata ɗanyar kwakwa shida a gefe, ya sauka. Ya tsaya a ruwa iya gwiwa yana kallonmu. Na ji haushinsa, na kuma ji tausayinsa, na rasa wanne ya fi. Na tada inji, mun fara ja ke nan sai na ji jirgin ya karkata. Ga shi ya kamo bakin jirgin ya haye kamar yadda yake hawa bishiya.

"Ina bokitin da kake ta faɗa?" in ji shi.

Ban taɓa ganin ruwa ya wahalar da ɗan Adam haka ba. Ya yi amai har ba abin da ya rage sai kumfa. Marar lafiyar ce ta koma jinya, ta ɗora kansa a cinyarta tana jiƙa masa goshi tana masa faɗa. Rana ta biyu da la'asar, ina riƙe da matuƙi, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa.

"Sanfa, bishiyar nan, ba kakana ya dasa ta ba."

"To?"

"Da gangan na tsaga ta. Na rasa yadda zan yi ki yi min magana."

"Kai dai Allah ya shirye ka. Ai uwata ta gan ka da wuƙar a hannu. Kana tsammanin don me ban taɓa zuwa wurin katibu ba? Yi amanka, malam, ka bar ni in huta."

Kwana goma sha tara ta yi a asibiti, yana zaune a gefenta. A kunnenta ya yi mata kalmar shahada, ta amsa, ta cika. Aka binne ta a Male.

Da na koma Male ɗauko shi, na shimfiɗa masa tabarma a tsakiyar jirgi inda ba ya girgiza sosai. Ya zo bakin ruwa ya dube ta ya ce, "Cikina ba zai ƙara iyawa ba." Ban matsa masa ba, don na san ba cikin ba ne kaɗai. Ya sami aikin shara a masallacin da ke jikin maƙabartar. Mutumin da ya yi shekara sittin bai fita daga tsibirinmu ba, bai sake ganin tsibirin ba. Da ɗansu ya dawo zai sabunta tsagar bishiyoyin gado, saƙo ɗaya uban ya ba ni in kai masa: ta bayan masallaci a bar ta yadda take.

Tun daga nan duk tafiya nakan kai masa 'ya'yan bishiyar. Sai ya baje su a bakin tashar jiragen ruwa ya raba biyu, rabonsa ya ɗauka, rabonta ya bayar sadaka. Zuwana na ƙarshe kafin in ajiye tuƙi, goma sha ɗaya na kai. Ya ware biyar, ya ware biyar, guda ta yi saura. A hankali ya jawo ta ɓangarensa, ya bar hannunsa a kanta yana jira. 'Yan dako suna ta wucewa, babu wanda ya tanka. Ni da na ƙare rayuwata ina masa dariya, sai ga ni ina share hawaye da bakin riga.

Ya tura ta cikin rabon Sanfa.

"Tata ce," ya ce. "Dama tata ce."