Itacen Lemon Gwaggo Ladi

Ku da kuka san Gwaggo Ladi a Zongon Bawku kun san ba a matsawa kusa a gaishe ta. Almakashi ne rataye a wuyanta kamar laya. Kana cikin "ina kwana" sai ka ji ƙarat, bakin rigarka ya ragu. In ka yi magana ta ce ai ja yake a ƙasa, taimakonka ta yi. Ni ranar da aka kawo ni gidan ina amarya ma ba ta ƙyale mayafina ba. Ƙanwar surukina ce, ina ni ina bakin magana?

Ƙyallayen nan furanni take yi da su. Ta yanka, ta naɗe, ta tattare gindin da zare, ta je ta ɗaura a wani busasshen itacen lemo da ke tsakar gida. Itacen tun kafin a haife ni ya mutu, ko ganye ɗaya babu. Maigidana kuwa ba shi da burin da ya wuce ya sare shi ya gina rumbu a wurin. Sai dai gidan yana da doka tun kakanni: ba a sa wa itace mai fure gatari. Da wannan Gwaggo ta ɗaure shi shekara da shekaru.

Wata rana ya gaji, ya fito da gatarinsa.

"Gwaggo, wannan fa tsumma ne."

"Fure ne ko ba fure ba ne?"

"Fure ne, amma…"

"To mai da gatarinka."

Sai ya ɗauko liman ya zo ya raba gardama. Malam ya zagaya itacen, ya ƙwanƙwasa, ya gyara murya zai ce matacce ne. Gwaggo ta nuna masa wani shuɗin fure can sama, ta ce daga rigarsa ta sallar bara ta yi shi, ko Malam zai ce rigarsa tsumma ce? Bawan Allah ya shafa bakin rigarsa, ya ce wannan mas'ala sai ya duba littafi. Har Allah Ya karɓi abinsa yana dubawa.

Sai kuma ranar akuya. Maƙwabciyarmu mai sayar da dawa, wata Bakusasiya da Hausa ba ta gama zama a bakinta ba, akuyarta ta shigo ta cinye duk furannin da bakinta ya kai. Muka ce yau akwai tashin hankali. Ina! Gwaggo ta ja akuyar nan har ƙofar ɗakin maigida, ta ce ga shaida ta kawo, ya faɗa mata inda ya taɓa ganin akuya ta ci mataccen itace. Har dusa ta ba ta tukuici. Mai akuya ta shigo hankali tashe.

"Mma, akuya na ya ci zane. Zai mutu?"

"Ba abin da zai same ta. Amma in ta yi kashi ki duba min jan nan, saƙar Yendi ce."

Wani bafatake da ya sauka gidanmu da goro daga Salaga ya ga itace da fure ja, shuɗi, har da mai ratsi-ratsi, a tsakiyar rani. Idonsa dama ba ƙwari. Ya roƙi iri. Gwaggo ko murmushi ba ta yi ba, ta ƙulle masa guntayen ƙyalle a cikin ganye. Da shekara ta zagayo ya dawo yana ƙorafi, wai safe da yamma yana ban ruwa, ko tsiro bai gani ba. Gwaggo ta kama haɓa ta ce ai shi ya kashe abinsa, wannan iri ba ya son ruwa, zuba yake yi.

Kowane launi ta ɗaura wa itacen nan, ban da fari. Sai da ta kwanta ciwon ajali na tambaye ta dalili. Ta ce mijinta ne ya dasa lemon shekarar da aka yi aurensu. Ya bi ayari zuwa Salaga, ya ce mata kafin ya yi fure zai dawo. Shi bai dawo ba, lemon bai yi fure ba.

"Furen lemo fari ne, 'yar nan," in ji ta. "Wannan na bar masa ya yi da kansa."

Wallahi kunya ta kama ni, don ni ma na sha yi mata dariya a bayan ido.

Bayan sadakar bakwai ruwan sama ya gama kakkaɓe sauran furannin, itace ya tsaya tsirara. Maigida ya ɗauki gatari, yanzu ba mai hana shi. Ya daɗe a tsaye. Can sai ga shi a ƙofar ɗakina, ya zaro wani farin ƙyalle daga aljihu, ragowar likkafaninta.

"Kin iya irin naɗin nan nata?"

Na yi, duk da ya fito a karkace. Shi da kansa ya taka turmi ya ɗaura shi a reshen sama. Rumbun kuwa bayan gida aka gina shi.

Allah Ya jiƙan Gwaggo Ladi, Ya yafe mata bakin rigunanmu, Ya sada ta da wanda ta daɗe tana jira.