Gurbi Biyu a Akwatin Tsohon Soja

Ko zan manta da sunana, ba zan manta da ranar da na yanka soso a baibai ba. Kuskuren bai kai ƙwayar gero ba, amma saura ƙiris ya kai mutum kushewa.

Ina ɗan shekara sha shida, mahaifina kafinta ne a Birnin Konni. Ya tafi aiki Dogarawa ya bar mini rumfa, ni kuwa ina jin ko jirgin sama aka kawo zan gyara. Da hantsi sai ga wani tsohon soja da ya yi wa Faransa yaƙi, mutum marar yawan magana. Ya kwance tsumma, sai ga ƙaramar bindiga baƙa wuluk. Akwatin katako yake so, da soso a ciki, a yanke mata gurbi daidai jikinta, don ya gaji da kai ta wurin jandarma a tsumma in za a duba takardarta. Bai bari na taɓa ta ba. Da kansa ya zana siffarta a takardar buhun siminti, ya ce, "Ta kwanta bisa damanta, ɗan nan."

Akwati ya yi kyau. Amma sosonsa guntun katifa ne ɗaya tak, ni kuma garin rawar kai na kifa takardar, gurbin ya fito a hagunce. Sai na yanka wani a gefensa, suka zama biyu suna kallon juna.

Da ya buɗe, ya daɗe bai ɗaga kai ba. Har kajin unguwa sai da suka yi tsit.

"Wa ya ce maka su biyu ne?"

Tsoron bulalar mahaifina ya sa na ce, "Mafarki na yi, Baba. Wani dogo ya ce a bar masa wuri."

Ya zauna a ƙasa. Ashe bindigar tana da 'yar'uwa, ta amininsa ce, wanda ya baro a bakin wani kogi lokacin yaƙi, aminin yana kiransa, shi kuwa bai koma ba. Kuma aminin dogo ne.

Daga ranar kullum sai ya zo rumfarmu, ya buɗe akwatin, ya zuba wa gurbin nan ido yana motsa baki. Ya daina cin abinci, ya kyautar da rigunansa. Ni kaina na daina yarda in dubi ramin sosona. Ran nan ya ce in auna tsawonsa, wai kada masu haƙa kabarinsa su wahala. Nan na fasa ƙwai.

"Baba, wallahi ƙarya na yi. Takarda na kifa."

Ya dube ni tsaf. "To, wa ya kifa maka hannu?"

Sai na ɗauko takardar na nuna masa yadda aka yi, sau uku, ina kuka. Can ya ja kunnena har na ga taurari, ya ce in sayo masa fura.

Tun ran nan na san ƙaryar da ka yi don tsira da bayanka, ba ka san mikin wa za ta fama ba. Tsohon ya ƙara shekaru masu yawa a duniya, tsufa ya kashe shi. Gurbin na biyu kuwa, goronsa yake ajiyewa a ciki.