Zuciyar Ragon Suna a Ɗakin Kimiyya

Har gobe ban manta da wata ranar Alhamis ba, a shekarar da kogi ya karya gaɓa ya shanye mana shinkafa, har mutanen wajen Baturiya suka riƙa fitowa titi da kwale-kwale. Ruwa ya janye, sanyi ya shigo, muna cikin zangon karatu na biyu. A lokacin shekarata goma sha tara ina aiki a ɗakin kimiyya na wata sakandaren 'yan mata a nan Haɗeja.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, ni ne mai wanke kwalabe, mai goge tebura, mai kamo kwaɗi da fara idan za a yi darasi. Ina mataki na uku na albashi. A samana akwai malamai, sai shugaban sashe, sai shugabar makaranta. Kayan ɗakin duk na san su, amma da ido da hanci na san su. Na san kwalba mai jan murfi tana ƙona hannu. Na san waccan mai warin ruɓaɓɓen ƙwai ba a taɓa ta sai an buɗe taga.

Farkon zangon ne sabuwar shugabarmu, Hajiya Binta, ta kira ni ofis. Ta ce, "Malam Haruna, ba ƙinka nake yi ba. Takarda ce ta zo cewa mai kula da ɗakin kimiyya sai wanda zai iya karanta abin da ke jikin kwalba, ya kuma rubuta. Idan masu duba makarantu sun zo sun tafi, za ka koma gadin ƙofa."

Na ce, "To, ranki ya daɗe."

Ban gaya mata cewa shekara ɗaya da rabi ke nan ina zuwa ajin yaƙi da jahilci bayan la'asar ba. Kunya ce ta hana ni, don a lokacin karatuna kamar mai tsallaka laka ne, sai na ciro ƙafa ɗaya kafin in sa ɗaya.

Saboda zuwan masu duba makarantun, malamai biyu suka haɗa kai za su yi nuni. Malam Bukar shi ke koyar da ilimin taurari da na ƙasa. Malama Rahila, 'yar kudancin Kaduna, ita ke koyar da ilimin jikin ɗan Adam. Abin da ya haɗa su shi ne zuciyar 'yan sama jannati. Malam Bukar ya ce can sama babu nauyi, jini yakan taru a kai har fuska ta kumbura, zuciya kuma ta samu hutun da bai dace da ita ba, ta yi lalaci. Shi ya sa kullum sai sun yi motsa jiki. Na tambaye shi waɗanda suka je wata da me suka dawo. Ya ce da duwatsu. Na ce, "Ashe can ma sun fi mu. Mu nan Haɗeja dutsen niƙa ma sai an kawo mana a mota."

Aiki biyu aka ba ni. Na farko, in jera rana da duniyoyinta a filin ƙwallo. Babbar kabewa ita ce rana. Idan rana ta zama kabewa, in ji Malam Bukar, duniyarmu ƙwayar dawa ce, kuma taku arba'in ne tsakaninsu. Mushtari, babban cikinsu, ɗan yalo ne, yana can taku ɗari biyu, dab da ƙofar makaranta. Zuhalu goro ne da muka yi masa zobe da kwali. Shi da biyun ƙarshe gurbinsu ya wuce katanga, sai muka jera su a gindinta. Kowanne yana kan kujera da katin sunansa.

Aiki na biyu, in sayo zuciyar saniya da sassafe. Malama Rahila ta ce, "Baba Haruna, ɗungurungum nake so, da jijiyoyinta. Zan zuba ruwa ta sama yara su ga yadda ƙofofin ciki ke rufewa."

Ana sallame asuba na hau keke na nufi mahauta, wajen Iro, wanda na fi shekara ashirin ina sayen nama a hannunsa. Na ce, "Iro, zuciya nake so, mai kyau. Manyan baƙi za mu yi daga Dutse."

Ya ce, "An gama. Je ka sha shayi."

Nan kuskuren ya faru, kuma nawa ne. Mahauci idan ka ce masa baƙi za ka yi, tukunya yake gani. Da na dawo ya miƙo mini baƙar leda a ɗaure, har yana cewa ya sa mini gyara. Na rataye ta a keke, na isa makaranta, na jera duniyoyina tsaf. Sai wajen bakwai da rabi Malama Rahila ta kwance ledar. Iro ya yi mini aikin mutunci: ya cire kitse, ya datse jijiyoyi, ya wanke, ya yanka gutsi-gutsi daidai farfesu, ya ɗora hanta a kai.

Ta dubi naman ta dube ni. Ta ce, "Baba, saura albasa da yaji."

Baƙi ƙarfe goma za su iso. Na san a wannan lokacin duk zuciyar da ke mahauta an tsaga ta, don ba sa barin jini ya kwana a ciki. Ina tsaye sai na tuna ranar ce sunan jikar Yaya Gambo, taubashiyata, kuma ragon suna ba a gama feɗe shi kafin takwas. Na ɗauki ledar Iro na fita a guje.

Na tarar an rataye rago, mai fiɗa ya kusa kaiwa ga ciki. Na riƙe masa hannu na ce ya dakata. Yaya Gambo ta fito daga zaure da zani a kafaɗa.

"Kai, bawana, ba ka zo addu'a ba sai wajen nama?"

"Yaya, zuciyar nake so."

"Ta wa? In tawa ce ka makara, maigidana ya riga ka."

Na yi mata bayani. Ta riƙe haɓa. "Zuciyar da za a soya wa mai jego ita za ka kai 'yan boko su yi kallo? Su ba su da tasu a ƙirji?"

"Tasu ba ta ciruwa, Yaya. Ga ta saniya, ta ninka wannan uku, ga hanta a kai."

Ta leƙa ledar, ta ga aikin Iro, bakinta ya ɗan yi laushi. Ta ce, "Idan an gama kallon a dawo mini da ita."

Na ce ba zai yiwu ba. Dokar ɗakinmu ce, abin da ya hau tebur ba ya komawa tukunya. A kwalba za a sa ta da maganin da ke hana ruɓa, ta shekara da shekaru.

"To, in dai za ta zauna a makaranta, a rubuta sunan jaririyar, mai ragon, a jiki. Hauwa'u. Kada gobe wani ya ce ta ragonsa ce. Ka ce malamar ta rubuta, tunda kai hannunka sai wanke-wanke."

Na tsaya a kan mai fiɗa ya ciro ta a hankali, ya bar mata jijiyoyi tsawon yatsa, har da guntun huhu.

Tara da rabi na dawo, na tarar da ƙofar makaranta a wangale kamar yadda na bar ta. Malam Ado mai gadi ya zaga bayi lokacin da na fita, ni kuma ban ja ƙofar ba. Awakin unguwa sun shigo. A tsakiyar fili ga Hajiya Binta, ga Malam Bukar ya ɗora hannu a ka, ga kujeru a kife.

Ta ce, "Malam Haruna, ina rana?"

Na nuna mata abin da ya saura. Rabi ne, da ɓawo.

Kafin ta ƙara magana sai ga motar baƙi, sun riga lokaci. Malam Bukar ya ruga tarbarsu. Ni kuma na miƙa wa wata ɗaliba zuciyar ta kai wa Malama Rahila, na shiga tsintar katuna. Iska da awaki sun watsa su, wasu an tauna gefensu. Da can da tsarin da aka miƙo mini su nake ajiye su. Yanzu sun cakuɗe, babu dabara sai karatu. Na ɗauki na farko na sa yatsa. Zu, hu, ra. Zuhura. Na ƙirga taku na kai shi gurbinsa. Mi, r, ri, hi. Mirrihi. Na kai shi nasa. Ban san cewa shugaban baƙin, wani dattijo mai tafiya a hankali, yana bayana ba sai da na ji ya ce, "Ci gaba, Malam, kada ka kula mu."

Na gama duka tara. Zuhalu kuwa katinsa da zobensa na nan, goron babu. Awaki ba su kai gindin katanga ba. Na waiwaya na ga Malam Ado yana kallon sama, bakinsa ja wur.

A ɗakin kimiyya abin ya yi kyau. Malama Rahila ta zuba ruwa ta babbar jijiya, ƙofofin suka rufe, ruwa ya tsaya cak, yara suka yi ta turereniya. Sannan ta tsaga zuciyar ta nuna ɗakuna huɗu. Ɓangaren dama yana tura jini zuwa huhu, na hagu yana tura shi duk jiki, shi ya sa bangonsa ya fi kauri. Ta ce hawan jini yakan gajiyar da wannan bangon, ciwon maƙogwaron da aka ƙi kula da shi a yarinta kuma yakan lalata ƙofofin.

Dattijon ya juyo gare ni. "Kai da ka daɗe a nan, me ka fahimta?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni manomin fadama ne. A ganina injin ban ruwa ce. In bawul ɗinta ya lalace, ruwan da ta ja sai ya koma baya. In kuma kitse ya toshe jijiya, kamar ciyawar kacalla ce a magudana: gonar gaba ta bushe, ta baya ta cika. Injin da ya gaji ba ya kwashe ruwa, sai ya kwanta a kwari. A jikin mutum kwarin shi ne ƙafa."

Ya sunkuya ya dubi ƙafafunsa da suka cika takalmi. Ya yi dariya ya ce, "Likitana rabin awa ya yi yana gaya mini wannan da Turanci. Maganin ma na bar shi a gida." Malama Rahila ta ce, "Yallaɓai, wannan kam ba abin dariya ba ne." Ya ce ya ji, ya tuba.

Da aka gama, na wanke kwalba na zuba magani, aka sa zuciyar. Malama Rahila ta ɗauki alƙalami za ta rubuta takardar jiki, sai na ce ta ba ni, akwai alkawari a kaina. Ta miƙo mini. Na ɗauki lokaci ina jera baƙaƙen ɗaya bayan ɗaya. Na rubuta: Zuciyar ragon sunan Hauwa'u.

Hajiya Binta ta karɓi kwalbar ta karanta. Ta ce, "Tun yaushe?"

"Shekara ɗaya da rabi, ranki ya daɗe. Ajin la'asar."

"Shi ne ka bar ni ina ta shirya maka kujera a bakin ƙofa?" Ta girgiza kai. "Ka zauna a ɗakinka. Mutumin da ba ya iya rufe ƙofa ai ba zan ba shi gadi ba."

Ku da kuke shigowa aikin nan yanzu, abin da na koya ke nan. Idan an aike ka, kada ka faɗi abin da za a ba ka kawai, ka faɗi abin da za a yi da shi, don kowane mai sana'a da idon sana'arsa yake jin maganarka. Iro bai cuce ni ba, karramawa ya yi mini. Kuma abin da ka iya, ko kaɗan ne, kada kunya ta sa ka binne shi, shugabanka bai san gaibu ba. Har yau ina ɗakin, kuma yanzu ni ke rubuta duk takardun kwalabe.

Da yamma Malam Bukar ya ce in rubuta masa abin da aka rasa don rahoton sashe. Ga abin da na rubuta: zuciyar saniya ɗaya, ta tafi gidan suna. Rabin rana, awaki. Mushtari, awaki. Zuhalu, Malam Ado, ya amsa laifinsa. Ƙafar kujera ɗaya. Duniyarmu kuma, ƙwayar dawa ɗaya, mun duba ko'ina ba mu gan ta ba, ana zargin kazar matar mataimakin shugaba.