Tambayar da Na Kai wa Na'urar Laburare

A ƙarshen shekarun tamanin ina aikin jinya a ɗakin shan magani na wani kamfanin jima a Challawa. Ni kaɗai ne a wurin. Likitan da kamfani ya ɗauka yakan leƙo jefi-jefi cikin mako, ya duba wanda ya duba, ya shiga motarsa ya wuce Sharada, inda yake da wasu kamfanonin. Daga Zawaciki nake tahowa a kan babur, kuma tun kafin in hango ƙofar kamfani warin fatu yake tarata.

Yawancin aikina yankan wuƙa ne da zazzaɓi da ciwon baya. Amma akwai wani ciwo da ya tsaya mini a rai. Masu aiki a wajen ganguna, inda ake juya fatu cikin ruwan sinadarin nan da suke ce wa kurom, sukan zo da 'yan ramuka a gaɓoɓin yatsu, zagayayyu kamar an huda da ƙusa. Ba jini, ba wani zafi sosai, amma ba sa warkewa. Wanda nasa ya fi muni wani dattijo ne mutumin wajen Damagaram, kowa Malam yake ce masa domin shi ke jan sallar azahar a ƙarƙashin darbejiya. Yakan miƙo mini hannu in wanke, yana ba ni labarin gonarsa ta gero, sai ka ce ba a jikinsa ciwon yake ba.

Na nuna wa likita hannun Malam. Ya duba, ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce rashin tsafta ne, in ci gaba da wankewa ina naɗewa. Ban yi masa musu ba. Amma mutumin da yake alwala kullum a gabana ba za a ce mini ƙazami ne in yarda ba, kuma na lura likita bai kalle ni ba sa'ad da yake faɗin haka.

Wata Asabar na je laburaren asibitin da na yi karatun jinya. Mai kula da wurin wata mata ce mutuniyar Filato, Madam muke ce mata tun muna ɗalibai. Na bincika littattafan cututtukan fata, duk na Turawa ne da suka tsufa, hotunan ciki sun dushe. Da ta ga na rasa yadda zan yi, sai ta ce in biyo ta, an kawo musu wani sabon abu.

A wani ɗan ɗaki mai sanyi aka ajiye na'urar, an lulluɓe ta da leda. Ranar na fara ganin kwamfuta ido da ido. Madam ta nuna mini wani faifai mai ƙyalli, bai fi tafin hannu ba, ta ce a cikinsa akwai kanun rubuce-rubucen likitocin ƙasashe da yawa, da taƙaitaccen bayanin wasu. Ka rubuta kalma, na'ura ta nemo maka. Ta ce in gaya mata sinadarin da ake amfani da shi, da kamfanin da nake aiki.

Na faɗi sinadarin, na ƙi faɗin kamfani. Masu kamfaninmu baƙi ne daga ƙetare, na'urar ma daga ƙetare ta zo, kuma a lokacin ba na ganin nisa tsakanin abubuwan biyu. Har sunkuyawa na yi ina leƙen wayoyin da ke bayan tebur, ina son in ga inda suka nufa. Madam ta yi dariya, ta ce waya ɗaya ce ke fita daga ɗakin, ita ma ta wutar lantarki ce.

“To me ya sa kike son sanin inda nake aiki?” na tambaye ta.

“Don in san irin kalmar da zan ba ta, ƙanena. Ba sai ka faɗa ba.”

Ta daddanna, na'ura ta yi gurnani, rubutu ya riƙa taruwa a kan gilashi. Muka karanta tare. Wasu kanun ba da Ingilishi ba ne, wasu kuma ba su da alaƙa da abin da nake nema. Amma a cikin taƙaitattun bayanan akwai waɗanda suka kwatanta ramukan nan kusan kamar yadda nake ganinsu, a hannun masu jima na wasu ƙasashe. Da na ce ta ɗauko mini cikakken rubutun, sai ta ce mujallun sun daina zuwa laburare tuntuni, sai dai ta aika a kwafo ta gidan waya, kuma yana iya ɗaukar watanni.

Tana yage mini takardar da injin bugawa ya fitar, sai ta ce, kamar mai magana da kanta, kwanakin baya ma wani likita ya zo da kusan irin wannan tambayar. Na ce wane likita. Nan take ta kame bakinta. Ta ce suɓutar baki ce, abin da mutum ya zo nema a laburare amana ne, kamar yadda ba za ta gaya wa kowa nawa ba.

Na koma gida da takarda a aljihu da damuwar da ta fi wadda na fito da ita. Likitocin da ke zagaya kamfanonin jima ba su da yawa, amma ba namu kaɗai ba ne.

Ba a daɗe ba manajan ma'aikata ya aiko a kira ni. Ya ba ni kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya tambayi iyali, sannan ya ce ya ji na zama mai bincike. Ya ce kamfani yana son ma'aikaci mai neman ilimi, sai dai yana da kyau maganar cikin gida ta tsaya a cikin gida. Bai faɗi wanda ya gaya masa ba, ni ma ban tambaya ba.

Na yi ta juya maganar a raina. Madam ba ta san kamfanina ba, amma gano shi ba wuya ba ne ga mai so. Na kuma nuna wa Malam takardar, na yi masa bayani da Hausa, kuma shi mutum ne da ba ya ɓoye wa abokan aikinsa komai. Akwai tsohon abokin karatuna da ya gan ni ina fitowa daga ɗakin sanyin. Har na'urar ban cire ta daga zargi ba, duk da wayar da na gani da idona.

Da likita ya zo, na jira marasa lafiya suka ƙare, na ɗora masa takardar a kan tebur. Ya karanta kaɗan daga sama ya ture ta gefe. Ban ga mamaki a fuskarsa ba.

“Likita, ku ne kuka je laburare kafin ni?”

“Na san abin da yake damun hannunsu,” ya ce. “Na gaya wa waɗanda ya kamata su sani. Kai kuma kana da mata da 'ya'ya.”

Na tambaye shi dalilin da ya sa ya ce mini rashin tsafta ne. Ya ce da ya gaya mini gaskiya, da washegari duk masu ganguna sun ji, da kuma an sallame su an ɗauko wasu daga bakin ƙofa, inda kullum mutane ke tsaye suna jiran aiki. Har yau ban san ko kare su yake yi ko kare kujerarsa ba. Mai yiwuwa shi ma bai raba biyun ba.

Bayan wani lokaci aka raba safar hannu ta roba da takalman ruwa a ɓangaren ganguna. A tare da su aka sanar cewa za a riƙa duba hannun kowa. Ma'aikata suka ce dabara ce ta gano masu ciwo a kore su, kuma da yake a ɗakina za a yi duban, ni suka ɗora wa laifi. Masu gaishe ni da fara'a suka koma ɗaga hannu daga nesa. Malam ya daina zuwa wankin ciwo. Na same shi bayan sallah na roƙe shi, ya ce ya gode, yana sa magani na gida, ya tura hannuwansa cikin aljihun riga.

“Malam, wallahi ba ni na kai maganarku ba.”

“Ban ce kai ne ba, ɗana,” ya ce. “Amma kafin ka je wajen injin nan, ba wanda ya damu da hannuna sai kai.”

Ban ga an kori kowa a duban farko ba. Na biyu kuwa ba na nan, domin an mayar da ni wani kamfanin nasu a Bompai, inda ake ɗinka takalma, aka ce ƙarin girma ne. Kwafin rubutun da Madam ta aika a nemo ya iso bayan na bar Challawa. Ta riƙe mini shi har na je, na karanta a tsaye a gabanta. Ta tambaye ni ko ya yi amfani, na ce zan gani. Ba ta sake tambaya ba.

Da damina ta kusa na haɗu da wani daga cikin masu ganguna a tashar Na'ibawa, yana jiran mota. Ya ce Malam ya koma gida noma. Na tambaya ko shi ya ajiye aikin ko sallamarsa aka yi. Mutumin ya dube ni, ya dubi jakar kamfani da ke rataye a kafaɗata, ya ce shi dai bai sani ba. Sai ya ce motarsa ta cika, ya tafi.