Magogin Nonna Nerina

Duk wanda ya taɓa cin abincin ranar Lahadi a gidan Nerina Bortolin da ke garin Griffith ya san dokar gidan: ko yunwa za ta kashe ka, ba ka taɓa cokali sai ta zagayo ta goga maka cuku a kan taliyarka. Mutum goma sha huɗu ne a teburin, 'ya'ya da surukai da jikoki. Tana tafe da yankin cuku mai tauri kamar dutse a hannun dama, magogi a hagu, ta tsaya a kafaɗar kowa. Ba ta tambaya ko ya isa. Ita ta san wanda ya rame, ta san wanda bai zo makon jiya ba, kuma a farantinka za ka gane matsayinka.

Magogin nan kuwa, ko a bola ka gan shi ba za ka sunkuya ba. A 1961 ta sauko daga jirgin ruwa tana amarya, daga wani ƙauye a arewacin Italiya, ta tarar da mijinta Ottavio yana aikin gonar lemu, ɗakinsu na kwano, kicin ba komai sai tukunya biyu. Cuku dai ana samu wajen 'yan garinsu, abin gogawa ne ba su da shi. Ottavio ya yanke gwangwanin man zaitun, ya shimfiɗa a kan kututture, ya bi shi da ƙusa yana hudawa, ya kafa masa katako a gefe. Da shi ta ciyar da 'ya'ya biyar, da shi ta yi wa masu tsinkar lemu abinci, da shi ta ciyar da 'yan gaisuwa ranar da aka binne Ottavio. Kafiya kam tana da ita, amma ban taɓa ganin wanda ya bar gidanta da yunwa ba.

Tana da shekara tamanin da biyu sanyin ƙashi ya kama mata hannu. Yatsun suka kumbura, suka karkace. Wata Lahadi magogin ya zame ya kwashe mata fata, jini ya ɗiga a farantin surukinta. Mako na zagayowa babbar 'yarta Loredana ta zo da gogaggen cuku na leda, ta juye a kwano, ta ajiye a tsakiyar tebur.

"Mama, ki zauna ki huta. Kowa ya ɗiba da kansa."

Nerina ta lakato ta ɗanɗana. "Wannan ai garin katako ne. Ki mayar wa kafinta kayansa."

Aka kwashe da dariya, ita ba ta yi ba. Tana zaune tana kallon kwanon yana yawo hannu zuwa hannu, kowa na ci, babu mai jiran ta. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai. Ta ga in aka ƙara Lahadi biyu a haka, ta zama baƙuwa a teburinta.

Ranar Litinin ta sa rigar fita, ta naɗe guntun cuku a tsumma ta jefa a jaka, ta nufi shagon kayan kicin na Fulvio, wanda ta san shi tun yana yawo ba wando. Nonna yake ce mata, wato kaka da Italiyanci.

"Nonna, lafiya? Me kike kwancewa a kan teburina?"

"Cuku ne, ba ka taɓa gani ba? Fito min da duk magogin da kake da shi."

"Ai ba a gwadawa, Nonna. Wa zai sayi abin da aka ɓata?"

"Takalmi ma ana gwadawa, ɗan nan. Miƙo."

Ya miƙo. Na lantarki ya fara nuna mata, yana ta koɗa shi, wai danna maɓalli kawai za ta yi. Ta tambaya ko wayarsa za ta zagaye tebur. Ya ce a'a, a kicin ake ajiye shi. Ta ce to ya ajiye shi a nasa kicin ɗin. Mai kusurwa huɗu sai an kafa shi a ƙasa, ba ya hawa kan faranti. Dogon siririn mai kaifi ya yi mata kyau, amma goga uku ta yi yatsun suka saki. Ta kalli hannunta, Fulvio ya kau da kai.

Saura ɗaya, mai hannun juyawa: a sa cuku a ciki, hannu ɗaya ya matse, ɗayan ya juya. Juyawar ta iya da tafin hannu, matsewar ce ta gagare ta.

"Wannan ma ba zai yi miki ba," in ji Fulvio a hankali.

"Riƙe nan. Matse. Haba, ƙarfinka ke nan? Uwarka ta fi ka."

Ya matse, ta juya, cuku ya zubo lallausa a kan teburin shagon. Ta ce a naɗe mata shi.

Ranar Lahadi aka zuba taliya, Loredana ta tashi za ta ɗauko leda, sai ga Nerina ta fito daga kicin da sabon magogi. Ta tsaya a kafaɗar babban jikanta ta ɗora masa a hannu.

"Riƙe. Matse sosai. Juyawa tawa ce."

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya, mai faranti na matsewa, ita tana juyawa tana faɗa, wannan hannunsa rawa yake, wancan zai karya mata kaya. Zagayen ya ɗauki lokaci, taliya ta fara hucewa, duk da haka ba wanda ya ɗaga cokali.

Da ta iso kujerarta sai ta tsaya. Nata farantin babu mai riƙe mata. Ta gwada ita kaɗai, hannun ya ƙi. Ta ajiye magogin, ta zauna, ta jawo farantin haka nan.

Loredana ta ture kujerarta ta zagayo, idonta ya cika da ƙwalla. Ta ɗauki magogin ta riƙe a saman farantin uwarta, ta matse da hannu biyu.

"Juya, Mama. Muna jiran ki."